A Kira Sarakuna Tun Ana Shawara

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano, bisa jita-jitar cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Ba a ci gaba da aikin ba sai a watan Yulin 2004, bayan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda ya ce jahilci ne kurum ya jawo haka bai yi wa talakawa adalci ba, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba.

Da hukuma ta ga ƙofofi sun ƙi buɗuwa, sai ta nufi fada. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Umarni ya sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya isa ga mai unguwa, wanda ya san kowane zaure da mai shi. Rabon Nijeriya da asalin ƙwayar cutar tun 2016, a Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Afirka daga gare ta. Matan da suka bi gida-gida suna ɗiga maganin su ma suna da babban rabo a wannan nasara; tara daga cikinsu aka kashe a Kano a 2013.

To, ina aka kwana game da mai ciki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa biyar ko ɗaya ba ta cika a asibiti ba. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda ba sa jiran kowa, amma sau da yawa ita macen jira take yi: maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, a nemo mota, a haɗa kuɗin mai. Likita ba shi da iko a kan wannan jinkiri. Mai unguwa kuwa yana iya tara magidanta ya ce kowa ya bar izini a gida tun ciki yana wata bakwai, kuma a ji. Shi ne kuma zai iya tsawata wa wanzami a kan yankan gishiri da cire beli, ya sa ungozoma ta miƙa mai naƙuda da wuri.

Ƙorafinmu a wannan mujalla shi ne, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya raba sarakuna da ikon En'e, an mayar da su masu shela. A gama tsara manufa a ofis, sannan a tafi fada da hoto da takardar jawabi. Tsarin mulkin 1999 ma bai ba su wani gurbi ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haɗarin wannan ɗabi'a a fili yake: in dagaci ya tura mace asibiti tsakar dare aka tarar da shi a kulle, babu ungozoma babu fitila, maganarsa ta zube, gobe kuwa ko rigakafi ya kira ba za a fito ba.

Ba muna cewa a mayar da mulkin En'e ba ne. Iyayenmu sun ba mu labarin haraji da jangali, ba ma marmari. Abin da muke nema bai kai nan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A sanar da kowane hakimi abin da aka aika wa asibitocin ƙasarsa, a ba shi damar tambayar inda kuɗin suka shiga. Shi kuma a ɗora masa nasa nauyin: kowane mai unguwa ya riƙe littafin haihuwa da na matan da suka rasu wajen haihuwa, a karanta shi a majalisar sarki kowane wata, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana zaune yana amsa tambaya.

Ku 'yan'uwa da kuka fara aiki a ma'aikatu, yawancin wasiƙun gayyatar taro ku kuke rubuta su. Ku sa sunan hakimi a zaman farko, ranar da ake yanke inda za a tura ungozoma da motar ɗaukar marasa lafiya.