Zanen Inna da rigar matashi mai tattara

 Yau ɗinki za mu yi, amma ku yi mini haƙuri in fara da abin da ya sa na ɗauki almakashi.

Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Da asuba aka kira ni, kafin azahar an kai ta makwancinta, ni kuwa ina Manchester ina kallon bango. Wanda ke zaune a waje ya san wannan ciwon. Da aka raba kayanta, Yayata ta ba wata mai zuwa zane ɗaya ta kawo mini, atamfa 'yar Holan mai ruwan ganye da ta saya a Kantin Kwari tun ina firamare. Na ninke shi na sa a ƙasan akwati. Ba na ɗaura shi, ba na kuma iya bayar da shi. Rannan 'yata mai shekara bakwai ta ci karo da shi tana neman safa, ta ce, "Mama, wannan na waye?" A nan na gane yarinyar ba ta da komai na kakarta a gidan da take gani kullum.

Da na gaya wa Yaya zan yi rigar matashi da shi, sai ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu zanen Inna za ki yanka a riƙa jingina da shi?" Na ce, "Yaya, ai a akwati ma asu ne zai ci." Ba ta ce na yi daidai ba. Ta dai ce in yi bismillah kafin in sa almakashi.

Ga lissafin, da inci zan yi shi kamar yadda telolinmu suka saba. Matashin kujera da aka fi samu a shagunan nan inci 18 ne kowane gefe, wato santimita 45. Ki yanka fuskar gaba 18 da 18 cif, kada ki ƙara komai. In kika ci rabin inci a ɗinki, rigar za ta ɗan matse matashin ya cika ya yi kyau, maimakon ya yi yaushi kamar buhun da aka zazzage. Bayan kuma ƙyalle biyu ne, kowanne 18 da 12. Za ki kalmashe baki ɗaya na kowannensu ki ɗinke, sannan su hau juna a tsakiya da kamar inci 4. Ta wannan bakin ake zura matashin, ba ruwanki da zik ko maɓalli.

Tattarar ita ce aikin. Kewayen matashin inci 72 ne, tattara kuwa tana son ninki biyu, kusan 144. Faɗin atamfa yana kai wajen inci 46, don haka tsiri uku masu faɗin inci 6 sun ishe ki ko da sun gaza kaɗan. Da na gama lissafi na ga gaba da baya da tattara duka yadi ɗaya suka ci, rabin zanen ke nan. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da yadda zan iya faɗa.

Ki haɗa tsirin uku su zama zobe guda, ki ninke shi biyu a tsawonsa fuskar atamfar tana waje, ki bi shi da dutsen guga. Sai ki mai da keken kan ɗinki mafi tsawo, ki yi layi biyu a ɗanyen bakin, kusa da juna, kada ki koma baya don ƙulle zare, ki bar jela mai tsawo a kowane ƙarshe. Zaren ƙasa ake ja, shi ne ke zamewa cikin sauƙi.

Allah ya taimake ni na fara gwadawa a kan tsohon zanen gado. Na yi layi ɗaya tak a duk tsawon yadi huɗun, na kama ja da ƙarfi kamar mai jan guga a rijiya, ina dab da gamawa zaren ya tsinke, tattarar duk ta warware. Sau biyu hakan ta faru. Abin da na koya shi ne a raba zoben gida huɗu, a sa alama da fil, a yi wa kowane kashi nasa ɗinkin daban. In zare ya tsinke, kwata ɗaya kika rasa. Alamomin nan huɗu kuma su za ki ɗora a tsakiyar kowane gefe na fuskar gaba, sai tattarar ta rabu daidai, ba wani gefe ya yi cunkus wani ya yi fayau ba. A kusurwoyi ki tura ƙarin tattara, in ba haka ba za ta miƙe ta lanƙwashe ciki idan an juya.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne ɗorawa. Ki shimfiɗa fuskar gaba tana kallon sama. Tattarar ta kwanta a kanta, ɗanyen baki a kan ɗanyen baki, ninkakken gefen yana kallon tsakiya. Ido zai ce miki kin yi kuskure, ki rabu da shi. Ki ɗinke ta, ki kifa ƙyallayen baya a kai, ki sake zagayewa da rabin inci kina lura kada allura ta cafke tattarar a kusurwa. Ki rage kusurwoyin da almakashi, ki juya.

Tsohon zane yana da nasa hali. Na Inna ya sha wanki har ya yi laushi, da na ɗaga shi a taga na ga haske yana ratsa wurin da take ɗaurewa a ƙugu. Na kauce wa wurin, na kuma yi wa fuskar gaba shafi da farin yadi don kada ɗinkin ya yage shi. Keken da na yi aikin da shi na hannu ne, a shagon da ake sayar da kayan sadaka na same shi, kuma kafin in saba da saurinsa na yi kewar Butterfly ɗin Inna mai taka ƙafa, wadda take ɗinka mana kayan sallah da ita. Matasan ɗakinta audugar rimi ce a ciki, nawa kuwa abin da shago ya ba ni ne.

Na tura wa Yaya hoto. Kwana biyu ba ta ce uffan ba, har na fara shirin ba da haƙuri. A na uku ta aiko da saƙon murya, ta ce tattarar ta ɗan karkace a kusurwa ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Sannan ta tambaya ko sauran yadin yana nan, domin autarmu da ke aure a Yamai ba ta samu komai mai kyau ba a rabon. Na riga na yanka tsirin, ina jiran wanda zai tafi gida bayan sallah.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.