Sunan Haɗin Sauti Awo Ne, Ba Labarin Zuciya Ba

Duk wanda ya leƙa littafin koyon fiyano ko jita zai ga wasu alamomi a bisa layukan waƙa, irin su C da Am da G7. Waɗannan su ne sunayen haɗin sauti, wato sauti uku ko fiye da ake kaɗawa a lokaci guda. Malaman kiɗa da dama sukan gaya wa ɗalibi cewa haɗin da ake kira mejo na farin ciki ne, maino kuwa na baƙin ciki. Wannan bayani yana da sauƙin haddacewa, amma ya kamata a daina farawa da shi, domin yana ɓoye wa mai koyo abin da sunan yake nufi.

Kalmomin biyu daga Latin suka fito, kuma ma'anarsu ba ta wuce "mafi girma" da "mafi ƙanƙanta" ba. Hasali ma daga ta farkon Hausa ta sami manjo na soja. Ɗalibin ilimin halittu ya san su sarai: a ƙirjin ɗan Adam akwai tsoka mai suna pectoralis major, a ƙarƙashinta kuma akwai pectoralis minor, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce ƙaramar tsokar tana cikin juyayi ba.

To, mene ne babba ko ƙarami a haɗin sauti? Tazara ce. Harafin farko na sunan shi ne tushe, tunanin da Bafaranshe Jean-Philippe Rameau ya kafa a littafinsa na shekarar 1722. Idan aka fara daga maɓallin A aka ƙirga maɓallai huɗu zuwa sama, farare da baƙaƙe duka, sannan aka ƙara uku, an sami A mejo. Idan aka ƙirga uku tukuna sannan huɗu, an sami A maino, wanda ake rubutawa Am. A fiyano na yau sautin A yana girgiza sau 440 a sakan, na saman kuma, wato E, kimanin sau 659 a duka haɗin biyu. Na tsakiya ne kaɗai ya sauya, daga kimanin 554 zuwa 523. Lambar da ke biye da harafi ita ma ƙidaya ce: a G7, an ƙara harafi na bakwai idan aka ƙirgo daga G, wato F.

Babu musun cewa kunne yana jin bambanci tsakanin mejo da maino. Tun a 1863 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya bayyana yadda sautuka masu kusancin girgiza suke gogayya har kunne ya ji kaushi. Sai dai jin bambanci daban, fassara shi da murna ko kuka daban. A 2016 mujallar Nature ta buga binciken da aka yi a tsakanin al'ummar Tsimane ta Boliviya, waɗanda ba su saba da kiɗan Turawa ba, aka tarar ba su fifita haɗin da Turawa ke kira mai daɗi a kan wanda suke kira mai kaushi ba. Wani binciken na 2022 a ƙauyukan Papuwa Sabuwar Gini ya nuna cewa masu ƙarancin sabo da kiɗan Turawa ba su danganta mejo da farin ciki yadda 'yan Ostareliya suka yi ba. Ashe sabo yana da babban kaso a cikin al'amarin.

Illar koyarwar ta fi bayyana ga saurayin da ke kaɗa fiyano a situdiyon Kano. Idan haddar suna da yanayi kawai ya yi, to da zarar mawaƙiya ta ce a ɗaga mata kiɗan domin ya dace da muryarta, sai ya koma lalube, ko ya dogara da maɓallin da ke yi masa aikin. Wanda ya san huɗu da uku kuwa zai gina haɗin daga kowane maɓalli. Shi ne kuma ba zai ruɗe ba ranar da ya ga Am7 a wata takarda, C6 a wata, ya danna ya tarar sauti huɗu ne iri ɗaya, A da C da E da G, marubutan biyu ne kawai suka saɓa a kan wanda ya kamata a kira tushe.