Farasitamol Ba Ya Kashe Ƙwayar Cuta

Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne uwa ta ɗura wa yaro farasitamol da asuba, jiki ya yi sanyi, ta ajiye shi gidan reno ta wuce aiki. Kafin azahar zazzaɓi ya dawo, yaron kuwa ya riga ya tsotsi kayan wasan sauran yara. Na san wahalar neman abinci, amma rigakafi ya fi magani. A Ingila, yaron da ya yi amai ko gudawa sai ya cika awa 48 lafiya ƙalau kafin ya koma gidan reno. Masu reno, ku wanke hannu da sabulu bayan kowane canjin kunzugu, kuma kada kunyar iyaye ta hana ku mayar da marar lafiya gida. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannunku.