Suna Linzami Ne: A San Abin Da Ake Saye a Kwamfutar Cinya

Sanin kowa ne cewa a ilmin halittu ba a wadatuwa da rabin suna. Tun daga 1753, lokacin da Carl Linnaeus ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu, masana suka san cewa wanda ya ce Panthera ya yi shiru bai faɗi komai ba tukuna, domin zaki da damisa duk suna amsa wannan suna. Ra'ayina shi ne, ɗalibai da malamai masu sayen kwamfutar cinya, musamman ta hannu, suna bukatar wannan ladabi, domin ɗan kasuwa yakan ce "ai i7 ce" ya tsaya nan.

Sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana ɗauke da bayani uku. Na farko aji ne: i3, i5, i7 da i9 a wajen Intel, ko Ryzen 3, 5, 7 da 9 a wajen AMD. Na biyu zubi ne, wanda lambar farko bayan ƙaramin layi take nunawa, ko lambobi biyu daga zubi na 10 zuwa sama. Na uku harafin ƙarshe ne: U na nufin tsimin batir, galibi wat 15, H kuwa ƙarfin aiki da cin wuta, kimanin wat 45.

Aji yana da ma'ana ne kawai tsakanin 'yan zubi ɗaya. Mai karatu ya duba i7-7500U ta 2016, wadda ke da sassan lissafi 2, da i5-8250U ta 2017, mai sassa 4. Wannan i5 ta fi waccan i7 saurin ayyuka masu nauyi, amma a kasuwa i7 ake yi wa tsada. Haka kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesoshin Intel da suka gabaci zubi na 8, alhali Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ɗalibin da ya zuba kuɗin iyayensa a tsohuwar i7 ya sayi kifi a ruwa.

Su ma kamfanonin ba su kyauta ba. A tsarin AMD na 2023, lambar farko shekarar fitarwa ce, ta uku ce ke nuna ainihin ƙira, shi ya sa Ryzen 5 7520U take kan Zen 2, 7540U kuwa kan Zen 4. A ƙarshen shekarar Intel ta fito da Core Ultra, ta sake lissafi daga farko. Sunan da bai bayyana dangantaka ba, ba ya amfanar mai saye.

Saboda haka, kada kowa ya biya kuɗi sai ya kunna na'ura ya karanta cikakken sunan furosesa a bayanan tsarinta, ba a takardar da aka liƙa mata ba. Rashin sani ya fi dare duhu.