Motar wasa: awo kafin ado

Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya duƙufa a kan tubalan roba na LEGO ya san inda wuyar take. Haɗa ƙafafu huɗu da ƙasan mota ba ya ɗaukar lokaci. Gangar jiki ita ce ke ba da wahala: hanci, da rufi, da gilashin gaba, da lanƙwasar da ke saman ƙafa. Yawancin yara, har da manyan da ke sha'awar wannan wasa, sukan ƙare da akwati mai taya, sa'an nan su ce kayan aiki ne ba su isa ba. Laifin ba na kaya ba ne. Ido ne ba a horar ba.

Kamfanin LEGO, wanda Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Danmak a 1932, ya yi rajistar tubalinsa na yanzu a 1958, kuma awonsa bai sāke ba. Tsakanin maɓalli da maɓalli milimeta 8 ne. Tsayin cikakken tubali milimeta 9,6 ne, siririn falle kuwa 3,2, wato falle uku su ne tubali ɗaya. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane cewa falle biyar daidai suke da faɗin maɓalli biyu, milimeta 16 ke nan. A nan asirin gwanaye yake: suna kwantar da tubali a gefensa, maɓallansa su dubi waje maimakon sama, sai jikin mota ya samu sulɓi da gangara a hankali, ba hawa-hawa kamar matakala ba. Ɗan lakwal da ya iya raba 16 gida biyar ya riga ya riƙe mabuɗin.

Amma lissafin tubali ba ya wadatarwa in awon motar kanta ya karkace. Masu zanen mota da ƙafa suke awo. A motar shiga ta yau da kullum, kusan ƙafa uku ke shiga tsakanin ta gaba da ta baya, tsayin motar kuma ba ya wuce ƙafa biyu da ɗan ɗori. In ƙafar ta yi ƙanƙanta, motar ta zama kamar katuwar tunkiya a kan ƙafafun kaza. In rufi ya yi tudu, sai ta koma motar kasuwa. Shi kansa kamfanin ya ci karo da wannan. Jerin motocinsa na tsere, Speed Champions, da ya fara fitowa a 2015, faɗin maɓalli shida ne, motocin suka riƙa fitowa a tsuke, dogaye. A 2020 aka mai da su maɓalli takwas, nan take suka fi kama da na gaskiya, har mutum biyu na iya zama gefe da gefe.

Akwai wani abin da ya kamata iyaye su lura da shi. Kowane kwali yana zuwa da ɗan littafi mai nuna mataki bayan mataki. Littafin yana koyar da haƙuri da bin umurni, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai yaron da ya gama, ya ɗora motar a kan tebur, aka hana shi taɓa ta don kada ta lalace, bai zana kome ba. Wani ne ya zana masa a Billund. Ƙwarewa tana farawa ranar da aka wargaza motar, aka ɓoye littafin, aka ce ya fito da tasa.

A nan ne yaran Maradi, da Damagaram, da Tawa ba su da abin jin kunya. Tun kafin roba ta cika kasuwa suke ƙera mota da karan hatsi, suna soke totuwa da tsinken ɓawonsa, suna fafe ƙafa daga sakaina ko tsohon takalmin roba, wasu kuma da waya da gwangwanin madara. Ba su da littafi. Tasha ce makarantarsu. Yaro yakan tsaya ya ƙare wa kamyo kallo, ya lura da yadda kansa ya rinjaya gaba, da inda aka rataya ƙafar ajiya, ya koma gida ya fito da abin da kowa zai kira da sunansa. Wanda ya ƙera Peugeot 404 da kara har aka gane ta daga nesa, ya kama layin da gidan zane na Pininfarina na Italiya ya ja wa motar da ta fito a 1960, ko da bai taɓa jin sunan ba. Abin takaici, sau da yawa ladan da yake samu shi ne tsawa, a ce yana ɓata lokaci.

Manyan kamfanonin mota ba su ɗauki irin wannan aiki wasa ba. Tun zamanin Harley Earl, wanda ya shugabanci sashen zane na General Motors daga 1927, ake sassaƙa siffar mota da wani irin yumɓu kafin a taɓa ƙarfe, kuma duk da zuwan kwamfuta ba a bar yumɓun ba, domin hannu da ido suna kama kuskuren da allo ke ɓoyewa.

Saboda haka malamin da ke da sa'ar aikin hannu ba ya bukatar jiran kwalaye daga Turai, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Ya fita da ɗalibai bakin hanya, kowa ya zaɓi mota guda, ya zana ta daga gefe a kan allo, ya ƙirga ƙafa nawa ne tsawonta da tsayinta. Bayan haka a ƙera, da kara ko da tubali, duk wanda ya samu. A jera motocin a ƙasa, a ja da baya taki goma, ƴan aji su faɗi sunan kowace. Wadda ba a gane ba, mai ita ya koma bakin hanya ya sāke dubawa.