Takardar Rajistar Kamfani Ba Lasisin Juya Dukiyar Jama'a Ba Ce

Rushewar dandalin CBEX a watan Afrilun 2025 ta zo ne makonni kaɗan bayan Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar dokar zuba jari ta ƙasa. Dokar ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi da sunan riba. Hukumar kula da kasuwar hannayen jari, wato SEC, ta bayyana cewa dandalin ba ya cikin rajistarta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda jama'armu ke gamsuwa da takardar hukumar yi wa kamfanoni rajista, CAC, da aka maƙala a bangon ofis. Wannan takarda shaida ce kawai cewa kamfanin yana nan. Ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin mutane ya juya ba.

Dillalin hannun jari na gaskiya yana da tarihin da za a iya bi. Sai ya ci jarrabawar Cibiyar Dillalan Hannayen Jari da aka kafa bisa doka a 1992, sannan kamfaninsa ya sami rajistar SEC. Ita ma rajistar aiki-aiki ce: ta dillanci daban, ta ba da shawara daban, ta sarrafa asusun jama'a daban.

A kan wannan bambanci ne aka yi babban sakaci a Amurka. Bernard Madoff ya kafa kamfanin dillancinsa a 1960, har ya shugabanci kasuwar Nasdaq, amma bai yi rajista a matsayin mai ba da shawarar zuba jari ba sai a 2006, alhali ya daɗe yana juya dukiyar mutane. Sunansa ne ya hana a yi masa tambaya. Ita kanta rajistar, ya kamata mu faɗa, ba ta tona asirinsa ba. Sai a Disambar 2008 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009.

Don haka muke kira ga ma'aikata, musamman masu jiran kuɗin sallama, da su duba jerin masu rajista a shafin SEC na intanet kafin su miƙa ko sisi, su kuma tabbatar da irin aikin da aka yi wa kamfanin rajista a kansa.