Rabon da Ke Haɗiye Saura

A ce ɗalibi ya shuka ƙwayar wake 60 a ɗakin gwaje-gwaje, 45 suka tsiro. Ko ɗan firamare ya san kashi 75 cikin ɗari ke nan. To amma idan ɗalibin ya umarci kwamfuta da harshen C ko FORTRAN ko Java ta raba 45 da 60, sannan ta ninka da 100, amsar da za ta ba shi ita ce sifili.

Na'urar ba ta lalace ba. A waɗannan harsuna, muddin lambobin biyu cikakku ne, wato babu ɗigo a cikinsu, to sakamakon ma cikakkiyar lamba zai zama, a zubar da duk abin da ya biyo bayan ɗigo. Da haka 0.75 ya koma 0, kuma sifili ko sau nawa aka ninka shi, sifili ne.

Wasu kan ce maganin mai sauƙi ne: a fara ninkawa kafin a raba, 4500 a raba da 60, a sami 75. Gaskiya ne, sai dai da sauran rina a kaba. Biyu cikin uku zai fito 66, ba 67 ba, domin na'urar yankewa take yi, ba ta kai lamba ga mafi kusa da ita. Haka kuma a ƙananan na'urori irin su Arduino Uno, cikakkiyar lamba ba ta wuce 32,767, saboda haka ninka 400 da 100 kaɗai ya isa ya rikita lissafin. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta 100.0 tun da farko, domin na'urar ta yi aiki da ɗigo.

Kada a raina ɗan abin da ake zubarwa. A shekarar 1982 Kasuwar Hannun Jari ta Vancouver da ke Kanada ta fara ma'auninta da 1000, ana yanke lamba bayan kowane ciniki. Zuwa Nuwamba 1983 ma'aunin yana nuna kimanin 525, alhali da aka sake lissafi sai aka sami kusan 1099. Masu harshen Python ma sun ga illar wannan tarko, shi ya sa a fitowa ta 3, a 2008, suka ware wa kowane irin rabo alamarsa.

Babban haɗarin shi ne kwamfuta ba ta yin gargaɗi. Sifili yakan tona kansa, amma 66 a madadin 67 yakan shige cikin kundin bincike ba wanda ya lura. Don haka ya wajaba sassan kimiyya su kafa ƙa'ida: kada a karɓi sakamakon wata manhaja daga ɗalibi sai ya fara gwada ta da misalin da ya lissafa da fensir, ya san amsarsa. Wanda ya ƙirga tsiron wakensa da idonsa bai kamata ya bar na'ura ta gaya masa babu ko ɗaya ba.